Dutsen Awon Mai Ƙusa

"...da gajiya? Ko da yake ina za ka samo gajiya, kai da kujerar nan ta riga ta ɗauki siffarka."

"Lafiya lau, Amarya. Ashe ba su kore ki ba har yanzu? Wace gwamnati ce ta rasa ma'aikata ta sa miki wannan riga?"

Shagona na ɗinki bango ɗaya ne da na Mai Ƙusa, don haka duk abin da aka faɗa a can a kunnena yake sauka. Tsoho ne mai sayar da ƙusa a kan sikeli, kuma duk layinmu an yarda ba a haifi marowaci kamarsa ba. Wadda ta shigo jikarsa ce, ma'aikaciyar ofishin awo. Tun tana rarrafe yake kiranta Amarya, ita kuma ba ta taɓa raga masa ba. Amma ranar na lura dariyarta ba ta kai ciki ba. Na ajiye almakashi na leƙo. Wani kafinta na tsaye a bakin ƙofa yana jiran a auna masa.

"Aiki ya kawo ni, Tsoho. Ƙasarmu tana neman shiga tarayyar maƙwabta, ai ka ji a rediyo."

"Na ji. Su shiga mana, na riƙe musu ƙafa ne?"

"Kai ka riƙe. Sun ce kafin a buɗe mana ƙofa sai kilonmu ya zama ɗaya da nasu. Duk shagon da sikelinsa ba shi da hatimi, ƙarshen wata za a sa masa kwaɗo."

Tsoho ya saki baki yana kallonta.

"Kwaɗo a shagona? Ke da kika sha yi min fitsari a cinya? Wato ƙasashe suka taru, suka rasa abin tattaunawa sai ƙusata."

"Har da kotuna da kwastan da masu cin hanci, duk an ce a gyara. Kai ne dai ka fi su wuya."

"To a fara da masu cin hancin. Kafin a gama da su na mutu, kin huta."

"Ba za ka mutu ba. Rowa ba za ta bar ka ka ba ƙasa gawarka kyauta ba. Miƙo min dutsen."

Wani baƙin dutse ne mai santsi, shi ne kilon Tsoho tun kafin a haifi uwar yarinyar. Ni dai a raina na daɗe da yanke cewa dutsen nan bai cika kilo ba. Mutumin da ke tsintar lanƙwasasshiyar ƙusa a titi ya miƙe ta ya sayar, me za ka zata?

"Dutsen nan ya girmi tarayyarku," in ji Tsoho, ya dafe shi. "Kafintoci shaguna nawa suke tsallakewa su zo wurina? Tambayi kafintan nan."

"Don me suke zuwa?"

"Don kyawun fuskata."

"Fuskar da in yaro ya ƙi barci ake ce masa ga ka nan zuwa?" Sai ta rage murya. "Kaka, in ya gaza kilo, dole in rubuta kana tauye awo. Da hannuna. Kwana na yi ina juyi."

Ban taɓa jin ta ce masa Kaka ba. Shi kuma ya ɗauke hannu daga kan dutsen.

Ta fito da sabon sikeli mai nuna lamba, ta ɗora dutsen. Ta dubi lambar, ta sauke, ta sake ɗorawa.

"Nawa ya rage?" in ji Tsoho.

"Bai rage ba. Ya zarce. Kilo ɗaya da kusan kwata."

"Sikelinki ya haukace."

Ta ɗora ƙarfen awo na ofis mai hatimi, ya nuna kilo cif. Ta mayar da dutsen, ya zarce. Tsoho ya juya ya dubi kafinta, kafinta ya shiga ƙirga kwanon rufi.

"Kai, kun sani?"

"Baba... ai kowa ya sani."

"Ashe ba fuskar ba ce," in ji Amarya, tana dariya tana share ido. "Wa ya ba ka dutsen nan?"



"Kakarki. Ranar da ƙarfena ya ɓata ita ta samo shi, ta kai gidan waya aka auna mata, ta dawo ta ce min daidai yake." Ya girgiza kai. "Ta san hannuna. Ta san in na zuba sai na tsame biyu uku. Ashe tsoro take kar in je lahira da haƙƙin mutane. Matar nan ta cuce ni, Allah Ya jiƙanta."

Ya jawo sabon sikelin gabansa, ya zuba wa kafinta ƙusa har lamba ta tsaya a kilo. Sannan ya damƙo wasu cike da hannu ya ƙara.

"Tsoho, ya wuce fa."

"Kilon na tarayya ne, buga hatiminki. Wannan kuma na kakarki ne. Ki ce su je su kama ta."

Ya ɗauki dutsen ya goge shi da gefen riga, ya miƙa mata.

"Ungo. Kar ki ƙara cewa ban taɓa ba ki komai ba."

Ta karɓa da hannu biyu ta rungume shi a ƙirji.

"Tun da aka haife ni yau ka fara yi min kyauta, ita ma dutse ce."

Tsoho ya yi dariya har hularsa ta faɗi.