Ranar da Na Miƙa wa Kwamanda Kabewar Inna

Ba zan taɓa mantawa da furen kabewar Innata ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba.

Shekarar da damina ta juya mana baya ce, muna cin tuwon jar dawar taimako har haƙoranmu suka fara ja (to, na ƙara gishiri, amma kaɗan). Sojojin da ke mulki suka ce kowa ya kama noman rani. Inna ta shinge bayan ɗakinta da ƙaya, ta shuka kabewa. Rijiyarmu kuwa, in ka saki guga sai ka gama gaisawa da mutum uku kafin ka ji ya taɓa ruwa. Da wannan ruwan Inna ta yi renon kabewarta, tulu bayan tulu, don mu samu abin miya kafin wata daminar.

Wata safiya sai ga fure ya buɗe, manya-manya, ruwan ɗorawa, a garin da ko akuya ta manta kalar ganye. Inna ta riƙa leƙa su kamar jarirai. Ta hana kaji, ta hana awaki, ta hana ƙannena. Ni kaɗai ce ba ta hana ba, don ta ɗauka ina da hankali.

Ana haka Mushe, malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, ya ce kwamanda mai mulkin yankinmu zai zo daga Mayahi duba lambuna. Ya ce a ƙasar Turawa, in babban baƙo ya sauka, yarinya ke miƙa masa fure. Wadda ta kawo mafi kyau, ita za ta miƙa. Hadiza, wadda ke zama kusa da ni tana kare takardarta da hannu, ta ce ta riga ta ga nata: furen tumfafiya. Tumfafiya! Abin da jaki ma ke ratsewa. Na ce a raina, yarinya, ba ki san da wa kike ba.

Na sani sarai lambun Inna maigari ya zaɓa a nuna wa baƙon. Amma na ce ai ganye zai duba.

Ranar da sassafe na ce, "Inna, je ki shirya, yau ni zan yi ban ruwa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? Mi ya same ki?"

"Tausayinki na ji."

"Allah shi ɗorar," in ji ta.

Niyyata biyu zan tsinka. Wallahi biyu. Sai na ga biyu sun yi kaɗaici, na ƙara uku. Kafin in farga na bi yaɗon nan kaf, na ɗaure da zare, na rufa da gyale na sheƙa lakwal. Mushe na gani ya ce, "Bravo!" Hadiza ta jefar da tumfafiyarta, ni kuwa kaina ya kusa ƙin shiga ƙofar aji.

Mota ta tsaya, makaɗa suka saki ganga, gari duka ya taru gindin gawo. Na fito ina taku ɗai-ɗai, na rusuna, na zuba faransancin da na kwana uku ina haddacewa, na miƙa. Aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa.

Kwamanda bai yi murmushi ba. Ya juya furen ya duba gindinsa. Ashe ɗan manoma ne. Ya zaro ɗaya ya ɗaga sama, ga 'yar ƙwallo koriya maƙale a ƙasansa, kamar ƙwan zabo.

"Yarinya," ya ce da Hausa garau, "wannan ai ɗiyan kabewa ne. Lambun wa aka kashe?"

Ganga ta mutu. Mushe ya shiga duban takalminsa. Maigari, don ya gyara zance, ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka shi daɗe, mu ƙarasa ka ga lambun da muka tanadar maka. Ga mai shi nan."

Inna ta fito cikin zanenta na Sallah. Ta dubi hannun kwamanda, ta dube ni. (Na roƙi ƙasa ta tsage, amma fari ya sa ta yi tauri.)

"Ranka shi daɗe, kada ka wahal da ƙafarka," in ji ta. "Lambun duka ga shi nan hannunka."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Tasawa. Har sojan da ke riƙe da bindiga sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Kwamanda ya miƙa wa Inna furen da hannu biyu, kamar mai ta'aziyya.

Inna ba ta doke ni ba, da ma dukan ta yi. Guga ta miƙo mini. Wata biyu ina jan ruwa ni kaɗai har tafin hannuna ya zama kamar na maƙeri. Kabewar ta sake fure, amma zafi ya riga ya shigo, huɗu kacal suka nuna. Duk ranar da aka yi miya da ita, Inna kan zuba wa kowa, in ta zo kaina ta ce, "Madam ta ci nata tun yana hure."

Tun daga nan, in zan yi wa babban mutum bajinta, sai na fara tambayar kaina: tukunyar wa zan kife?