Ranar da Inna ta tura ni tsakanin Safa da Marwa

Ba zan taɓa mantawa da Umarar da muka yi da Inna ba, duk da na sha ƙoƙarin in manta.

Ni aikina shafen siminti ne a wurin gini a nan Makka, ina zaune a Ka'akiyya ɗaki ɗaya da wasu 'yan Damagaram. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki bokitin kwaɓi, sai na ji ƙuguna ya riƙe. Na je asibitin unguwa. Likitan ya danna nan, ya ɗaga ƙafa can, ya tambaya ko ƙafafuna suna mutuwa, na ce a'a. Ya ce tsoka ce ta ɗaure, babu abin tsoro. In sha magani, in ɗan dakata da ɗaukar nauyi, amma kada in lafe a gado, in riƙa takawa a hankali. Na ce to.

Matsalar ita ce, akwai hoton ƙashin baya manne a bango a bayansa. Ni karatuna a firamare ya tsaya, ban iya karanta abin da aka rubuta a ƙasa ba, sai dai na ga ƙasusuwan an jera su ɗaya kan ɗaya kamar kofunan shayi. Tun daga lokacin na sa a raina cewa kofunan nan ne a bayana, kuma in na motsa ba daidai ba za su zube.

Ni mutum ne mai wasiwasi. Nakan kulle ƙofa in kai titi in dawo in duba, nakan gama alwala in tsaya ina tunanin ko na shafi kunne. Saboda haka da na koma ɗaki na ɗauki hutu a wurin aiki, na shimfiɗa bargo a ƙasa, na kwanta rigingine. Ko atishawa sai na dafa bango nake yinta. Da rana in 'yan ɗakin sun fita, ina kallon hasken taga yana rarrafe a kan silin, tantabaru suna guɗa a bayan na'urar sanyi, ni kuma tunanina ya tafi gida, ya zauna a gindin ƙirya, ya dawo. Makonni suka wuce a haka. Ciwon bai tafi ba, sai ma bayan ya ƙara sandarewa kamar simintin da aka manta a bokiti (ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa ban kwanta sosai ba).

Ana cikin haka Inna ta iso Umara tare da ayarin matan garinmu, aka sauke su a Jarwal. Zuwanta na farko ke nan. Tun ranar da na bar gida nake yi mata alkawari a waya cewa in Allah ya kawo ta, hannunta a cikin nawa za mu yi ɗawafi, mu yi Safa da Marwa har ƙarshe. Ban gaya mata ba ni da lafiya ba. Na lallaɓa na je Tan'im na ɗaura harami, na aro keken marasa lafiya wurin wani maƙwabci, na ce ai tsohuwa ce, zan tura ta, ni kuma in samu abin dafawa.

Inna ta kalli keken, ta kalle ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai, wannan na wa?"

"Naki ne, Inna. Wurin da nisa."

"Ya kai gonar fadama nisa?"

Ba ta hau ba. Haka muka yi ɗawafi a bene, tana gaba da guntayen ƙafafunta, ina baya ina tura keken da babu kowa a ciki, na rungume shi kamar zai gudu. Muna isa wurin Safa da Marwa na ji kofunan nan suna rawa. Na ce, "Inna, bari in ɗan zauna, yanzu zan tashi." Na zauna a cikin keken. Sai a lokacin na gaya mata gaskiya. Ta zuba mini zamzam a tafin hannu, ta ce in shafa.

Wurin akwai sanyi mai daɗi. Addu'o'in mutane suna tashi suna sauka kamar ruwan farko a kan kwanon rufi, fararen tufafi suna wucewa ta gefena a hankali. Na rufe ido. Sai na ji ina tafiya ba tare da na taka ƙasa ba, iska tana shafa mini fuska. Na gan ni a goye a bayan Inna, muna kan hanyar fadama, kunnena a manne da kafaɗarta, ina jin muryarta ta cikin ƙirjinta. Rabon da in ji jikina babu tsoro irin haka har na manta. Ban so in buɗe ido ba.

Abin da ya sa na buɗe shi wata murya ce da na sani. Hajiya Ladi ce, maƙwabciyarmu a gida, wadda in ta ji labari da safe, kafin azahar ya kai kasuwa.

"Wayyo, ashe haka yaron nan ya koma ba mu sani ba? Allah sarki, Hajiya, ke da kika zo a tura ki."

Na duba. Inna ce take tura ni, tana haki tana ambaton Allah, matan garinmu sun kewaye keken suna yi mini addu'ar samun sauƙi. Wani Balarabe dattijo ya dafa kaina yana wucewa, ya ajiye mini dabino a cinya. Ni ƙato, mai kafaɗun ɗaukar buhu. Na yi niyyar in sake rufe ido in bar abin ya wuce a haka.

Sai na ga korayen fitilu a sama. Duk wanda ya yi Umara ya san wurin nan, inda maza suke sassarfa mata kuma su ci gaba da tafiyarsu. Wasiwasina ya farka. Ni da nake iya tsayuwa, in na wuce nan a zaune, yaya Umarar tawa? Kuma abin da aka tura ni ina gyangyaɗi, ya shiga lissafi? (Daga baya na tambayi malami, ya yi mini bayani, amma a lokacin babu malami, sai ni da zuciyata.) Tsoron ɓata ibada ya danne tsoron baya. Ban san lokacin da na dira daga keken ba. Na tattare harami na kama sassarfa cikin maza, dabinon yana hannuna.

Sai da fitilun suka ƙare na tuna akwai mutane a bayana. Na waiwaya. Matan sun tsaya cak, Hajiya Ladi hannunta yana sama bai gama addu'a ba. Inna ta iso da keken a hankali, ta tsaya a gabana.

"Ka warke, ko in ci gaba?"

Da ƙasar wurin za ta buɗe da na shige. Na ce a koma Safa mu faro, ta miƙo mini hannu, muka taka tare har ƙarshe, keken kuma Hajiya Ladi ta hau, wai gwiwa. Bayan yana ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ciwo ne irin na abin da ake warwarewa. Washegari na taka zuwa masallacin unguwa, jibi na wuce shi, ba a daɗe ba na koma aiki.

A gida kuwa labarin ya rabu biyu. Wasu sun ce zamzam ce ta tashe ni nan take, wasu sun ce lalaci ne tun ina yaro. Inna ba ta gyara wa kowa ba. Abin da na koya shi ne, in likita ya duba ka ya ce ka taka, to ka taka a lungunku inda babu wanda ya san ka, tun kafin ka taka da gudu a gaban Hajiya Ladi.