Ranar da Na Kwantar da Baba Hamidu Dama

Ba zan taɓa mantawa da takardar labaran kamfaninmu ba, ko da kuwa na so. Lokacin ina ƙaramin akawu a wani kamfanin sayen koko a Kumasi, sai manajanmu, Bature mai iyayi, ya ce duk wata a rubuta labaran ma'aikata a manna a ƙofar sito. Na Hausa, da ajami, ni aka ɗora wa.

To me zan rubuta? Wanda aka yi wa haihuwa ya ce kada in jawo wa jaririnsa baki. Wanda ya sayi keke ya ce masu aro za su hana shi sakat. Haushi kamar ya kashe ni, ga manaja kullum sai ya tambaya.

Ana nan sai Baba Hamidu, shugaban leburori, ya ajiye aiki saboda tsufa. Shi ya sama mini aikin nan, don haka na ƙudura in yabe shi da Hausar Kano tsantsa. (A Zongo aka haife ni, uwata Asante ce, Hausata duk ta cuɗe da yarensu na Twi.) Na sha jin fataken goro suna cewa "wane ya kwanta dama", na ɗauka nufinsu mutum ya sami hutu mai daɗi. Sai na rangaɗa: "Bayan doguwar hidima, Baba Hamidu ya kwanta dama."

Na manna takardar a ƙofar sito da hantsi, da la'asar na nufi gidansa a Akwatialine in karɓi godiya. Na tarar an shimfiɗa tabarmi, mata na kuka, liman ya iso. Ashe tun safe Baba ya tafi gonarsa a Kwadaso, da leburori suka kai labarin takardar gida sai iyalinsa suka ɗauka can ya cika. Ana cikin salati sai ga shi da ayaba a kai. Liman ne ya fara tsallake tabarma a guje.

Da aka yi masa bayani, ya juyo ya dube ni.

"Baba, wallahi hutu nake nufi," na ce.

"Ka kuwa ba ni, ɗana. Wanda ba a tashi."

Manaja ya karɓe aikin takardar daga hannuna, Baba kuma ya daɗe bai amsa gaisuwata ba. Wannan ya fi yi mini ciwo. Tun ranar, in kalma ta yi mini daɗi a bakin wani, sai na tambaya ko da gawa a cikinta kafin in ara.