Yadda Za Ki Hana Gari Tashi Idan Ƙasa Na Motsi Kina Cikin Takaba

Ke da mai gidanki ya rasu, kina zaman takaba, ƙasar garinku kuma ta rasa lokacin da za ta fara rawar ɗari sai yanzu, matso kusa. In kin bi matakan nan, na yi miki alkawari ko kaza ba za ta bar garin ba. An gwada su a Kurawa ta ƙasar Sabon Birni, shekarun da Turawa ke ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, bayan wata damina da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wadda ta gwada sunanta Tasalla. Na san ta ciki da bai, don zane ɗaya muke ɗaurawa.

1. Fara tabbatarwa ba ke ce ke rawa ba

Mai takaba ba ta cin abin kirki, jiri ba baƙonta ba ne. Tasalla ta ji motsin farko da hantsi tana tsince wake, ta ce yunwa ce. A na biyu ruwan randa ya kaɗa shi kaɗai, ƙasa ta zubo daga azara cikin waken. Sai ga Habi, ƙanwar marigayi Na'Allah, ta faɗo gidan babu sallama, kallabi a hannu. Tun ranar da aka kawo Tasalla gidan, matata take ce mata, irin wasan ƙanwar miji.

"Matata, kin ji abin da nij ji?"

"Na ji."

"To duniya ta ƙare, ga ni ban gama dakan gero ba."

Ba wani babban motsi ba ne. Kamar jaki ne ya girgiza fata ya kori ƙuda. Sai dai ya ƙi tafiya: yau ya zo da safe, gobe da azahar da la'asar, jibi shiru, gata ya dawo.

2. San abin da ke gabanki

Wakilin hakimi ya sa aka yi shela, duk mai dangi a Bafarawa ko Isa ya je can sai ƙasa ta natsu. Wa ya rasa dangi a Bafarawa? Kafin azahar an fara ɗaure tabarmi.

Ke kuwa kin sani, mai takaba ba ta kwana ko'ina sai ɗakin mijinta, har wata huɗu da kwana goma su cika. Tasalla ko rabi ba ta yi ba. Liman ya aiko cewa larura ce, tana iya bin mutane. Ta yi godiya, ta dubi gadon karan da aka ɗauke mijinta a kai, ta san ƙafarta ba za ta tsallake zauren nan ba. Ta kuma san in gari ya watse, ita da kuraye za a bari. Ga ta matsoraciya, ko gafiya ta motsa a rumbu sai ta karanto duk abin da ta iya.

Tunda ba ki iya tashi, saura dabara guda: ki hana kowa tashi.

3. Kada ki musa wa kowa

Ba sai kin yi karatu ba. Tasalla a Tabbat yada allonta ya tsaya. Al'ada ma ta gama miki rabin aiki, don mai takaba ba ta ɗaga murya, magana ƙasa-ƙasa kuwa ta fi kama da ilimi. Masu gaisuwa ba sa yankewa, kowa kuma da dalilinsa zai zo. Karɓi dalilin da hannu biyu, ki juya shi, ki miƙa masa abinsa.

Tsohuwa Ruƙayyatu ta ce bijimin nan da ke ɗauke da duniya a ƙahonsa ne ke sauya ƙaho.

"Gaskiyarki, Inna," in ji Tasalla. "Amma tun zamanin kakanni yake ɗauke da ita, kin taɓa jin ya yar? In ma zai yar, Bafarawa ba a kan wani bijimin take ba."

Bawa falke, mai kai kaya tsallaken iyaka, ƙasar mulkin Faransa, ya tsaya bayan zana ya rantse igwar Turawa ce, ƙararta ke biyowa ta ƙarƙashin ƙasa.

"Ashe mai nisa ce, Malam Bawa. Abin da ya gaji tun a hanya, me zai yi mana?"

Wata Bafillata mai kawo nono ta ce mazansu sun ce ruwan bana ne ya yi yawa, fadama ta sha ta ƙoshi, ruwa ya sulale can ƙasa yana neman wurin zama. Wannan ma ki ce haka ne, rani na zuwa. Liman ya ce zunubi ne ya yi yawa. Wannan shi ya fi sauƙi. Aika masa da girmamawa cewa zunubi ba ya zama tsaron gida, duk inda mai shi ya je tare za su sauka.

Har masinjan Bature ya iso a kan doki daga Isa, ya ce Bature ya ce duwatsu ne can ƙasa suka tsage tun fil azal, wani lokaci su goga juna. Tasalla ba ta taɓa ganin dutsen da ya wuce na niƙa yana aiki ba. Duk da haka, da labarin ya iso ta, ta gyaɗa kai ta ce, "Abin da nake faɗi ke nan."

4. Tambaya mai wuya

Za ta zo, ki shirya. Ga Tasalla, daga bakin Habi ta fito, gaban mata cike da tsakar gida.

"Dakata, malama. Ƙananan ga, ba 'yan aiken babba ba ne? Masinja ma da anka tambaye shi cewa yay yi galibi sukan wuce, amma Bature bai rantse ba."

A nan kada ki yi jinkiri. Kada ki tuna da tarin mai gidanki, wanda shi ma da kaɗan-kaɗan ya fara. Haɗiye wannan, ki dubi tukunyar da ke kan murhu.

"Tukunyar da ke huci ba ta fashewa," in ji Tasalla. "Wadda ta yi shiru ake tsoro."

Ba ta san ko ƙasa tukunya ce ba. Har gobe ba ta sani ba. Amma mata suka ce wallahi kuwa, kafin magariba maganar ta kai majalisar Wakili, har wani dattijo na cewa daga bakin kakansa ya fara jin ta. Aka kwance tabarmi.

5. Ki yi haƙuri da nasara

Abin da ba a gaya wa masana shi ne, in mutane sun yarda da ke, kusa da ke suke son zama. Ruƙayyatu ta ƙara nata lissafin: mutuwa ta riga ta ɗauki rabonta a gidan Tasalla, ba za ta yi saurin komowa ba, don haka babu inda ya fi nan aminci a Kurawa.

Washegari matan unguwa suka tare, da 'ya'ya, da turame, da awaki. Awaki suka cinye zana har Bawa ya rasa abin da zai tsaya a baya. Da ƙasa ta motsa, sai duk idanu su juyo kan Tasalla. Ita kuwa sai ta ce a hankali, "Huci ne," a ci gaba da daka.

Wurin kuka ma ya gagara. In abin ya taso mata sai ta zaga bayan rumbu, nan ma ta tarar da wata na tsifar kai. Amma ba a barin mutum ya ture tuwo gaban mata goma sha. Ta ci don kunya, ta ci don kada a yi magana, har wata rana ta ji bakinta na cewa a ƙaro miya.

6. In ƙasa ta gaji, taimaka mata

Babu wanda ya san dalilin zuwan girgizar, babu wanda ya san na tafiyarta. Wajen girbin dawa sai aka lura an kwana biyu ba a ji komai ba. Liman ya ce addu'a ce, Bafillata ta ce rani ne, Wakili ya aiko wa Tasalla da goro. Mata suka kwashe turamensu ɗaya bayan ɗaya. Takaba kuwa da saura.

Habi ce ta ƙarshe. Da la'asar ta naɗe tabarmarta, ta ɗora ƙullin kaya a kai. Tsakar gida ta yi faɗi, ta yi tsit, har ana jin kukan kurciya daga bakin rijiya.

Ga yadda ake yi. Nemi dirkar rumfa, wadda aka shanya ƙorai a samanta. Jingina da ita kamar mai hutawa. Kafa dugadugai, ki tura da baya, ki saki, ki sake turawa. Fuska kuma ta dubi gabas.

Rumfa ta yi ƙara, ƙorai suka gangaro, ɗaya ta fashe.

"La ilaha," in ji Tasalla. "Ta dawo."

Habi ta juyo a hankali. Ta dubi kajin da ke kiwonsu ko kai ba su ɗaga ba. Ta dubi dugadugan Tasalla da suka nutse cikin rairayi.

"Wagga girgiza mai hankali ce," ta ce. "Duk faɗin Gobir, rumfa guda ta zaɓa."

"Haka take yi wani lokaci. Duwatsu ne."

"Duwatsu ne, malama." Ta sauke ƙullin, ta warware tabarma a inda ta naɗe ta. "To ba ni barin matar Na'Allah cikin haɗari irin wanga. Za ni zauna har ki fita takaba. Amma gobe in za ta zo, ki gaya mata ta bari in kwashe ƙoraina tukuna. Wadda taf fashe tawa ce."

Jan kunne

Wannan shi ne iyakar abin da na sani game da motsin ƙasa, kuma kin ga yawansa. In taku ƙasar ta yi abin da tamu ba ta yi ba, ki fita fili da gudu kamar kowa, kada ki tsaya neman karin magana. Bangon da ya faɗi, zanar da awaki suka ci, ƙwaryar ƙanwar miji, duk babu hannuna. Wanda ya zo tuhuma, a ce masa Tasalla mace ce mai rashi, ba a kama ta da magana.