Ƙosan Lantana Ya San Lokaci

Jama'a, jiya na gano abin da shekara talatin ina dakon kayan mutane daga bakin jirgi zuwa saman Bahiya, birnin nan na ƙetaren teku da aka kawo mu bauta, ban gano ba: ashe ƙosai ma ya san lokaci. Ni kuwa ko agogo ban taɓa riƙewa ba, sai dai na wani a cikin akwati bisa kaina.

Ga yadda aka yi. Aminina Sulaimanu, wanda muka shekara goma sha tara muna saɓa sandar dako ɗaya, shi a gaba ni a baya, ya fanshi kansa daga bauta, jibi jirgi zai kai shi Ikko. Azumin nan da muke yi ba shela, jiya ne buɗa-bakinmu na ƙarshe tare. Na rantse gaban matata Uwani sai na cika masa akushi da ƙosai, kada ya isa can ya ce ya bar ni cikin tsiya. Ko da yake, tsakani da Allah, a cikinta ya bar ni.

Da hantsi na gangara Komersiyo, unguwar kantuna ta bakin jirgi, neman garin rogo. Wani Bature mai kanti ya kafa allo, yana ta kururuwar rangwame: mudun da yake kwabo takwas ya koma huɗu, saboda ƙaunar talaka. Na ce kai, Allah Ya saka! Sai da na biya na tuna buhunan nan ni na sauke su makon jiya, kuma a gabana aka sayar da mudu kwabo uku. Da na leƙa mudun kuwa, sai ga gindinsa ya taso ya tarye ni tun daga rabi, kamar maƙwabci mai fara'a. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Na hau tudu ina haki, na nufi filin gidan wasa inda Lantana take da kaskonta. Na ce, "Lantana, nawa-nawa yau?"

"Uku kwabo, Baba."

"Da asuba fa huɗu na ji kina faɗa."

"Da asuba ka zo? Jirgi ya tsaya, ga 'yan dako sun taso da yunwa. In ka bari rana ta yi ja, biyu ne."

"Don kin san masu azumi ba su da mafita? Ke da muka fito ƙasa ɗaya!"

Ta juya ƙosanta ba ta ko dube ni ba. "Ni ma azumin nake, Baba Ɗanbaba. Wake ya hau, manja ya hau, takardar izinin zama nan ta hau sau biyu bana. Yunwarka kaɗai manya suka manta ba su sa wa haraji ba, shi ne nake taya su."

To, ni ba yaro ba ne. Kowa a garin nan ya san manyanmu, Allah Ya ƙara musu tumbi, sun yanke doka: ƙosai huɗu kwabo, ko da rana ko da ruwa. Har sun naɗa wanda zai tsare dokar, wato Ranka-ya-daɗe Mai Duba Ma'auni. Bawan Allah ne mai ƙwazo. Kullum bayan la'asar mutum biyu suke ɗauko shi a kujera mai labule, don kada tausayin talakawa ya gajiyar da ƙafafunsa. Kuma duk inda kujerar ta sauka, farashi yakan durƙusa ya yi gaisuwa, sai ta tashi shi ma ya miƙe.

Sai na ce yau zan ci albarkacin doka. Na zauna a rana, bakina a bushe, ƙanshin manja yana gwada imanina, har kujerar ta ɓullo. Na bi ta kamar jela. Mai girma ya buɗe labule, ya zaɓi manyan ƙosai shida ya bincike su ɗaya bayan ɗaya har cikin cikinsa, ya ce lafiyarsu lau. Nan take na miƙa kwabo biyar da ƙarfin murya: "Ashirin, Lantana, yadda doka ta ce!"

Ko gezau. Ta ajiye ludayinta, ta zaro wani ɗan cokali daga ƙugu, wanda ina zaton na ba jariri magani ne, ta shiga ɗiga ƙullu a mai. Ashirin cif, ta zuba mini a tafin hannu ɗaya, da sauran wuri.

Na juya wajen kujera da ɗan yaren Fotugis ɗina mai ɗingishi. "Ranka ya daɗe, a duba mana."

Ya sa yatsa ya ƙirga. "Huɗu kwabo ne ko ba huɗu ba?"

"Huɗu ne, ranka ya daɗe, amma girman..."

"Doka ta san ƙidaya, ba ta san girma ba." Ya ɗauki biyu don shaida, ya saki labule.

Garin neman ƙiba an samo rama. Da rana ta faɗi na ajiye akushi gaban Sulaimanu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗanbaba, carbinka ne ya tsinke?" Muka yi dariya har hawaye, kuma ban ce duka na dariya ne ba. Kunun Uwani ne ya rufa mini asiri. Da zai tafi ya soke guda ɗaya a cikin hularsa, wai in aka tambaye shi a gida me ya baro a ƙetaren teku, zai nuna ya ce ya baro mutumin da ya bi doka har gindin kasko.

Jibi ni zan kai masa akwatinsa jirgi, ni kaɗai, ba kowa a gaban sanda. Na kuma ji manya sun ware kuɗi za a ƙera zoben ƙarfe na auna girman ƙosai. Madalla da hangen nesa. Yau dai na ga Lantana tana sayen tsinken kara mai rami, kuma ban san ta da busa sarewa ba, sai dai ko ƙosan ne zai sha iska.