Jinjirin Watan Na-Sani

"Ni za a koya wa jera fure? Ni da ko ciyawa na harara sai ta gyara tsayuwa!"

Mai wannan magana shi ne Na-Sani, ƙanin mai shagon furen da ke jikin shagona na ɗinki. Abokina, tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce "ban iya ba". Yayarsa ta yi wata uku tana zuwa koyon jeri mai lanƙwasa, wanda ake tanƙwara furanni su fito kamar jinjirin wata, shi kuwa gogan sai dariya.

"Yaya, wata uku don karkata ganye? Iska ma kyauta take yi!"

Ana nan sai wani babban otal ya aiko yana son jinjirin wata ɗaya a teburin karɓar baƙi. In ya yi kyau, aikin furen shekara nata ne. Baiwar Allah ta daɗe tana ƙwanƙwasa wannan ƙofar. Ranar da za a kai, da sassafe, santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ta yi targaɗe a hannun dama. Wallahi ta ba ni tausayi.

"Ƙanena, rufa mini asiri," in ji ta. "Ka zura siririyar waya a jikin karan furen, ka ɗumama shi da yatsunka, ka lanƙwasa a hankali."

"Tafi asibiti, Yaya. A hankali ai na 'yan koyo ne."

Ta tafi tana waiwaye. Na-Sani ya ture wayar gefe, ya kama kara ya murɗa. Ƙas! Ya kama na biyu. Ƙas! Da na ji na goma sai na leƙa.

"Lafiya? Faskare ka koma?"

"Tela, tsaya ga allurarka. Furen ne ke da taurin kai."

Ya ari dutsen gugata ya danne wasu, wai su saba da sunkuyo. Da ya ɗaga, sun baje kamar an taka da mota. Sai ya buga cinya ya ce maganin taurin kai zafi. Ya tafasa ruwa a buta, ya tsoma sauran karan ciki. Minti biyar ba a yi ba, duk suka sunkuyar da kai.

"Ka gani? Abin da Yaya ta nema wata uku, na gama kafin ruwa ya huce!"

"Na-Sani, wannan lanƙwasa ce ko suma?"

"Hassada ga mai rabo taki ce."

Ya caccake su a kwando, ya fesa turare a jikinsa, ya kama hanya. Na rufe shago na bi shi, don irin wannan kallo ba a ba ka labari.

Kafin mu isa, rabin furen ya zube a hanya, sauran na warin dafaffen ganye. Ya dire kwandon a tebur, ya tsaya gefe yana hura hanci. Sai ga manaja. Ya dubi kwandon, ya toshe hanci, ya dubi Na-Sani.

"Yawwa, kai ne sabon mai shara? Maza fitar da wannan mushen. Yau muke jiran mai fure, an ce gwana ce, kada ta zo ta ga abin kunya a teburinmu."

Bakin Na-Sani ya buɗe. Na taka masa ƙafa, na raɗa masa: "In ka ce kai ne mai furen, ka kashe wa yayarka aiki."

Ya juya ga manaja. "Yanzu kuwa, ranka ya daɗe."

Ya kai kwandon bola, aka miƙa masa tsintsiya, ya bi furen da ya zubar tun daga tebur har bakin titi. Ni kuwa na zagaya na roƙa wa yayarsa ƙarin kwana uku saboda targaɗen, aka ba ta.

Za mu fita, manaja ya dafa kafaɗar Na-Sani a gaban kowa.

"Madalla da kai! Daga ganin riƙon tsintsiyarka, an san ka zauna an koya maka."