Ranar da Sitiyari Ya Biyo Ni Waje

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai motar ɗana Kalgo don in sayar. Yaron zai tafi karatu waje, kuɗin motar ne guzurinsa. Ya bar mini ita a Gwandu ya wuce Legas neman takardu, ya ce, "Baba, kai ka san mutane."

Motar tsere ce ƙirar Japan, ja wur, mai ƙofa biyu. Shi da abokansa sun sauke ta har cikinta na neman shafar ƙasa, sun cire kujerun baya, sun dasa mata fiffike. Na zauna Jidda, na yi fatauci Kwatano da Kumasi, amma ban taɓa ganin motar da aka kashe wa dukiya don amfaninta ya ragu ba.

Mai sayen, Malam Bawa, manomin shinkafa ne daga Diggi. Na same shi bakin kasuwa, motar na ruri kamar injin niƙa, jama'a suka taru. Ina zaune ciki ya leƙo.

"Alhaji, buhu nawa taka ɗauka?"

"Ba ta ɗaukar buhu."

"To mutum nawa?"

"Biyu."

"Babur ɗina na ɗaukar huɗu. Fiffiken ga fa, tashi takai?"

Na ce bari in fito in yi masa bayani (bayanin da ni kaina ban da shi). Kujerar kuwa zurfi gare ta kamar ƙwarya, ga babbar riga, ga tumbi. Na damƙi sitiyari da hannu biyu na yunƙura. Sai na ji ƙas! Na tsinci kaina zaune a ƙasa, hula gefe, sitiyari rungume a ƙirjina.

Na dubi sitiyari, na dubi mota, na rasa wanda zan fara ba haƙuri.

Malam Bawa ya ce, "Sannu, Alhaji. Wanga cikin ciniki yake, ko daban za a saye shi?"

Na kira yaron a waya na gaya masa. Dariya ya yi ta yi. "Baba, da gangan muka sa mai cirewa, saboda ɓarayi! Maida shi kawai."

Kafin in maida, Malam Bawa ya hau babur ɗinsa. Ƙarshe yaron ya dawo ya sayar wa wani mai irin haukarsa.

Tun daga ranar, duk abin da 'ya'yana suka ce "mun ɗan gyara shi", ba na jingina da shi, ko kujera ce.